Ƙafar kamara: kada araha ta kayar muku da jari

Yau maganarmu a kan wani ƙaramin kaya ce wanda da yawa daga cikinku suke saye ba tare da sun tsaya sun duba shi ba, wato ƙafar nan mai rassa uku da ake ɗora kamara ko waya a kanta in za a ɗauki hoto ko bidiyo, wadda masu jin Faransanci suke kira tirepiye.

Wani zai ce, ina ruwan mai atamfa ko mai turaren wuta da kayan aikin masu ɗaukar hoto? Amsar tana cikin aljihunku. Tun daga shekarar 2017 da WhatsApp ya ɓullo da wurin nan na saka hoto da bidiyo da ke ɓacewa bayan awa 24, sannan Facebook da TikTok sunka cika wayoyin jama'a, rumfar ɗan kasuwa ta zama biyu: ɗaya a cikin kasuwa, ɗaya a cikin waya. Mai shadda tana zaune a babbar kasuwar Maradi, mai saye tana Agadas ko Difa, ta ga kaya a waya, ta aiko da kuɗi ta Nita ko Amana, a kai ƙunshi tasha a sa a mota. Haka ake yi a Kasuwar Dole ta Damagaram, haka ake yi a Wadata da Katako a Yamai. A irin wannan ciniki mai saye ba ta taɓa yadi, ba ta jin ƙamshin humra, hoton da ta gani shi ne kayan. In hoton ya fito dishi-dishi, to a idonta kayan ne ba su da kyau, ta wuce wurin maƙwabciya.

Matsayinmu a kan wannan batu shi ne: kada a auna kuɗin ƙafa da girmanta ko da kyan kwalinta, a auna shi da darajar abin da za a ɗora a kanta da kuma irin aikin da za ta yi. Wanda ya yi wannan lissafi ba zai ɗauki mafi araha a kasuwa ba, ba kuma zai ci bashi don ya sayi ta manyan masu shirya fim ba.

Mu fara da dalilin da ya sa ake bukatarta tun farko. Yawancin rumfunanmu da shagunanmu ba su da wadataccen haske a ciki. In haske ya yi ƙaranci, waya da kanta takan ƙara tsawon lokacin da idonta yake buɗe don ta tara hasken da zai ishe ta, kuma duk motsin da hannu ya yi a cikin wannan ɗan lokaci sai ya shiga hoton. Shi ya sa zanen atamfa da ƙananan ramukan leshi suke cakuɗewa, ba laifin wayar ba ne. In an jawo hoto kusa don a nuna aikin surfani ko duwatsun da anka jera a wuyan riga, rawar hannun ita ma sai ta ƙaru daidai yadda anka jawo. A wajen bidiyo kuma akwai wata matsalar: kafin a tura shi, manhajar takan matse shi don ya yi sauƙin tafiya a rezo, kuma bidiyon da ke girgiza ya fi lalacewa a wurin matsewar nan a kan wanda ya tsaya cik. Ga kuma abin da kowace mai sayar da yadi ta sani, ba a baza turmin atamfa da hannu ɗaya. Mu ma a gidajen rediyo, tun da anka fara nuna shirye-shirye kai tsaye a intanet, ƙafar kamara ta shiga cikin ɗakin watsa labarai ta zauna kusa da makirfo.

Me ya sa ƙafa uku? Iyayenmu mata sun riga masu ƙera ta sanin amsa. Murhu duwatsu uku ne, kuma ko ƙasa ba ta daidaita ba tukunya takan zauna daram, alhali tebur mai ƙafa huɗu sai an cusa masa kwali a ƙarƙashi. Amma kowa ya san in ɗaya daga cikin duwatsun nan ɓurɓushi ne, miyar gida ce za ta kife. Nan ne maganar araha ta shigo.

A ce Hajiya ta sayi waya ta jikka 80, ta je ta ɗauko ƙafar jikka 4 don ta ga ta yi tsawo kuma an haɗa mata da fitila mai zobe kyauta. A ranar tana ganin ta ci riba. To amma me ta ɗora a kan wannan jikka 4 ɗin? Jikka 80 kaɗan ne daga cikin abin da ta ɗora. A cikin wayar nan lambobin abokan cinikinta suke, da saƙonnin murya na waɗanda sunka ɗauki kaya bashi, da hotunan rasit na kuɗin da anka turo, da lambar dillalinta na Kantin Kwari a Kano ko na Lome. Wayar ɗan kasuwa a yau ita ce littafin bashinsa. Ran da iska ta kaɗa, ko ɗan turin kaya ya goga ƙafar da baro, waya ta faɗi a kan siminti daga tsawon mita ɗaya da rabi, kuɗin sauya gilashi kaɗai zai iya cinye kuɗin ƙafar sau da yawa, ban da kwanakin da za ta yi a hannun mai gyara ciniki yana tsaye. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, mu kuwa muna ganin a nan abin ya wuce rashin ado, ya kai ga taɓa jari.

Ba muna cewa duk kaya mai sauƙin kuɗi banza ba ne. Abin da muke so ku gane shi ne wuraren da mai ƙera ta yake rage kuɗi, domin kullum wurare guda ne. Na farko shi ne kai, wato wurin da waya ko kamara take zama tana juyawa. A ƙafa mai araha kan nan roba ce zalla, har da haƙoran da ke riƙe shi. Ka ɗaure shi ka saki, sai ka ga wayar tana sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi, ka ƙara matsewa, zaren noti ya cinye, shi ke nan. Sai makullan gaɓoɓi, waɗanda ake ɗagawa a zaro ƙafa a sake dannewa. Da zarar ɗaya ya saki, ƙafa ɗaya za ta shige ciki ba sallama, sauran biyun kuma ba za su iya komai ba. Sai maƙalin waya, wanda sifirin ɗinsa kan yi laushi bayan ƴan watanni. Waɗannan su ne ke mutuwa, ƙarfen ƙafar da kansa da wuya ya karye.

Kuma ku tuna ƙasar da muke ciki. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwanmu, rana kuwa tana cin roba mara kyau har ta bushe ta riƙa tsagewa kamar tsohon bokiti. Da hunturu ƙura takan shiga kowace gaɓa ta riƙa goge ta daga ciki. Kayan da anka ƙera don ɗakin da ke da sanyi da kafet ba lalle ne ya kai shekara a bakin titin Maradi ba.

Akwai kuma yaudarar tsawo. Za ka ga an rubuta mita 2 a jikin kwali da manyan lambobi, mai saye ya ce lalle wannan ita ce babba. Ta ina tsawon ya fito? Ko dai an ƙara yawan gaɓoɓi, ta yadda gaɓar ƙarshe ta ƙasa ba ta fi kaurin alƙalami ba, ko kuma rabin tsawon duka na sandar tsakiya ne da ake zarowa sama. In ka zaro sandar nan gaba ɗaya, wayarka tana tsaye ne a kan sanda guda da anka dasa a tsakiya, ƙafafu ukun suna can ƙasa. Gajeriyar ƙafa mai kauri, mai gaɓa uku, ta fi doguwa siririya mai gaɓa biyar tsayuwa. Haka ma lambar nauyin da suke cewa tana iya ɗauka: babu wani ma'auni guda da dukan kamfanoni sunka yarda da shi, kowa yana rubuta nasa ne. Shi ya sa masu aikin hoto sukan nemi wadda lambarta ta ninka nauyin kayansu sau biyu ko fiye. Waya ba ta cika wuce giram 200 da ƴan kai ba, amma kamarar masu ɗaukar biki da gilashinta takan kai kilo 1 zuwa 2, in an ƙara fitila da makirfo ta wuce haka.

Fitila mai zobe da ake haɗawa kyauta kuwa, ku dube ta da kyau. Abin da take tsaye a kai sandar fitila ce, ƙafafunta gajeru ne ba sa buɗewa sosai, nauyin duka yana can sama. A cikin ɗaki, a jikin bango, in ba yara a kusa, tana yin aiki, kuma haskenta yana da amfani ga masu kwalliya da lalle. A tsakiyar kasuwa inda mutane suke gogayya, ita ce ta farko da za ta faɗi.

To sai ɗaya ɓangaren, domin akwai waɗanda cutarsu ba araha ba ce, son a gani ne. Yaro ya kalli bidiyon Turawa ya dawo yana cewa in ba Manfrotto ta Italiya ba ko Gitzo, shi ba ya aiki. Gaskiya ne waɗannan sunaye ba a banza sunka yi suna ba. Gitzo tun 1917 anka kafa shi a Faransa, kuma a 1994 ya fito da ƙafar da anka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe. Amfanin kabon shi ne rashin nauyi, da saurin kashe girgiza, da kuma rashin ɗaukar zafin rana kamar alminiyom. Wannan abin biya ne ga wanda yake saɓa ƙafa a kafaɗa yana hawa dutse ko yana bin tawagar labarai daga gari zuwa gari. Amma Alhaji da ke da shagon takalmi, wanda ƙafarsa ba za ta taɓa fita daga tsakanin kanta da ƙofa ba, me zai yi da rashin nauyi? A wurinsa nauyi alheri ne, shi ne zai hana ta faɗuwa. Ya biya kuɗi mai yawa don a rage masa abin da yake bukata ke nan. Alminiyom mai kauri ya ishe shi har ya gaji. Akwai kuma kamfanoni irin su Benro na ƙasar Sin da Slik da Velbon na Japan da suke yin kaya na tsaka-tsaki, saboda haka maganar cewa duk kayan Sin iri ɗaya ne ba ta da tushe. A can ake yin na banza, a can ake yin na kirki, ya danganta da abin da mai sarin ya biya.

Suna kuma ba ya isa shaida. Masu atamfa sun fi kowa sanin yadda ake buga sunan Holan a gefen zanen da bai taɓa ganin Holan ba. In anka nuna muku ƙafa mai babban suna a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, ku yi mata irin kallon da kuke yi wa wancan zanen.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mutanen da ba a iya cutarsu a wajen yadi ko hatsi su ne suke karɓar wannan kaya a rufe cikin kwali. Inna da ba ta sayen gero sai ta zura hannu har ƙasan buhu, ba ta sayen shadda sai ta murza ta ta ɗaga ta a rana, ita ce za ta miƙa kuɗin ƙafa don ta ga hoto mai kyau a jikin kwali. A buɗe kwalin nan a gaban mai shago. A zaro dukan gaɓoɓi, a kulle, a ɗora tafin hannu a sama a danna ƙasa da ɗan ƙarfi. In wata ƙafa ta zame ko ta lanƙwashe, a mayar masa da abinsa. A kama kan a murɗa shi hagu da dama kamar ana buɗe kwalba, a ji ko ƙafafun suna bin hannu. Sannan ki ɗora wayarki ta kanki, da rigarta a jiki, domin wani maƙalin ba ya buɗewa ya kai faɗin babbar waya. Ki kunna kamara, ki jawo hoto kusa, ki ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa kina kallon gilashi. In hoton ya natsu nan take, ƙafar kirki ce. In ya daɗe yana kaɗawa, haka zai riƙa yi duk sa'ad da babbar mota ta wuce. Ki tabbata maƙalin yana juyawa waya ta tsaya a tsaye, tunda haka ake kallon bidiyo a WhatsApp da TikTok. Gwajin nan duka bai kai minti biyar ba.

A duba kuma ƙusar da ke saman kai, wadda ake ɗaura kamara ko maƙali a jikinta. Girmanta ɗaya ne kusan a duk duniya, rubu'in inci, wato ɗan sama da milimita 6. Amfanin wannan shi ne in ƙafar mai kyau ce, maƙali ya lalace, sai a sayi maƙalin kawai a ɗaura, ba sai an yar da komai ba. Saboda haka in kuɗi bai kai a sayi komai mai kyau ba, a sa shi a ƙafa da kai, a bar maƙali da fitila su biyo baya. Waɗanda kansu yake da ɗan faranti mai cirewa, a tambayi mai shago ko yana sayar da farantin shi kaɗai, domin shi ne yake fara ɓacewa, kuma in ya ɓace ba a samu irinsa ba, ƙafar ta zama sandar rataya jaka.

Masu ɗaukar bidiyon biki da suna, ku naku lissafin daban ne. Ku kuna bin amarya da kamara daga wannan gefe zuwa wancan, saboda haka kuna bukatar kai mai hannu, wanda anka sa wa mai mai kauri a ciki don ya riƙa juyawa a hankali ba fizga. Kan da yake kamar ƙwallo a cikin kwano ya fi dacewa da hoto tsayayye. Wanda yake cin abinci da wannan sana'a, in ya tsuke hannu a nan, a bidiyon mutane za a gani, kuma biki ba a maimaita shi. Masu nuna girki ko jera kaya a tabarma ana ɗauka daga sama, ku kuma ku kula da hannun nan da ke miƙewa gefe: sai an rataya nauyi a ɗaya ƙarshen, in ba haka ba waya za ta faɗa cikin tukunya.

Mun san akwai mai cewa, Malam, jarina duka bai wuce jikka 20 ba, kana ba ni labarin ƙafa mai kyau. Maganarki gaskiya ce, kuma shawararmu gare ki ita ce kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Ki cika ƙaramin buhu da yashi ko shinkafa ki ɗora a kan tebur ki jingina waya, ba za ta motsa ba, ba kuma za ta faɗo daga nesa ba. Ki juya kaya su fuskanci ƙofa inda haske yake shigowa, da hantsi ko da la'asar. Wannan ya fi ƙafar da za ta ci miki kuɗi sannan ta ci miki waya. In kwasar adashi ta zo, ki sayi ta tsaka-tsaki sau ɗaya. Akwai kuma tsofaffin ƙafafu na ƙarfe a hannun masu shagon hoto na da, waɗanda waya ta rage musu aiki. Fentinsu ya goge, amma da yawansu sun fi sabbin cikin kwali lafiya. Masu walda ma suna iya haɗa tsayayyar ƙafa ta ajiyewa a shago. Sai dai a gargaɗe su da abu guda: kada su sa noti mai lamba 6 na kasuwa a matsayin ƙusar sama. Kaurinsu ya yi kusa, amma zarensu ba ɗaya ba ne, in anka tilasta shi zai cinye ramin da ke ƙarƙashin kamara. A ciro ƙusar daga tsohuwar ƙafa da ta mutu a ba shi ya dasa.

Sai ku ƴan uwanmu masu saro wannan kaya daga Sin da Dubai da Kano, da ku ma muke. Kun fi mu sanin wahalar hanya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, kuma rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kaya da yawa sunka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Kuɗin mota da na duwan duk a kan mai saye suke ƙarewa. To in har kwali zai sha wannan doguwar tafiya, don me za a cika shi da abin da zai mutu kafin wata uku? Ku kawo daraja biyu ko uku, ku faɗa wa mai saye gaskiyar kowace, ku bar shi ya buɗe ya gwada. Ku riƙa haɗowa da maƙalai da farantai da robobin ƙasan ƙafa ana sayar da su ɗai-ɗai. Wanda ya dawo sayen maƙali gobe shi ne zai sayi fitila da makirfo a wurinku, wanda kuwa wayarsa ta fashe saboda kayanku, layinsu duka zai ba labari.

In an saya kuma sai riƙo. Kada a zuba wa gaɓoɓi man inji ko man gyaɗa don sun yi tauri, mai yana kama ƙura ya zama kamar taɓo. A zaro su a goge da busasshen tsumma. In ba a bukatar tsawon duka, a fara zaro gaɓoɓin sama masu kauri, siraran na ƙasa su zauna a ciki. A buɗe ƙafafun har ƙarshe, a sa ɗaya ta fuskanci inda nauyin kamara ya karkata. In akwai ƙugiya a ƙarƙashin sandar tsakiya, a rataya mata jaka da ɗan dutse ko gorar ruwa, musamman lokacin iskar farkon damina. In an gama ɗauka a cire waya tukuna kafin a ɗaga ƙafar, a naɗe ta a shigar da ita inuwa, kada a bar ta a bakin rumfa rana tana dukanta har azahar.